Manang Nising Mai Sauko wa Mawaƙa

A garin Santa Filomena kowa ya iya waƙa. An tabbatar da haka shekara talatin da ɗaya a jere, a zauren da ke bayan coci, inda ƙungiyar wasan garin take gwada muryoyi duk watan Janairu. Masunta sun iya, malaman makaranta sun iya, har mai buga hatimi a ofishin magajin gari ya iya. Garuruwan da ke maƙwabtaka da su a gaɓar tekun tsibirin Panay sun daɗe suna neman dalili. Wasu suka ce ruwan rijiyoyin garin ne. Wasu suka ce iskar teku ce, ko da yake teku ɗaya suke shaƙa. Ba wanda ya taɓa kawo sunan Leonisa Tormon cikin maganar, domin ita ba ta waƙa. Piyano take kaɗawa, kuma in ta zauna kaɗawa baya take ba mutane.

Manang Nising ake ce mata, Manang kuwa kamar a ce Yaya ne a harshen garin. Shekarunta sittin da takwas, ta koyar da aji uku na firamare har ta yi ritaya, don haka rabin masu furfurar garin sun taɓa tsayawa a gabanta suna karanta jadawalin lissafi na sau bakwai. 'Yar ƙaramar mace ce mai tafiya da laima ko da rana ko da ruwa, da jaka mai ɗauke da fulas ɗin shayin citta. Mijinta ma'aikacin jirgin ruwa ne, ya rasu tun tana da sauran baƙin gashi. Piyanon zauren ya girme ta. An ɗora ƙafafunsa cikin gwangwanayen kifi masu kananzir saboda gara, kuma akwai maɓalli ɗaya can gefen dama da ya daina magana tun wata ambaliya. Ta san inda yake, tana tsallake shi kamar yadda ake tsallake rami a hanyar gida.

Ga yadda take aikinta. In mai gwaji ya hau dandamali ya miƙa mata takardar waƙarsa, ba ta fara duban takardar. Sai ta tambaye shi ko ya karya kumallo, ko yaya ƙafar mahaifiyarsa. Mutane sun ɗauka kirki ne irin na tsofaffin malamai, kuma kirkin ne, amma ba amsar take saurare ba. Muryar take aunawa. Kowace waƙa da tsayin da marubucinta ya ajiye mata, kowane maƙogwaro kuma da iyakar inda yake kaiwa, kuma ba kasafai su biyun suke daidaita ba. In ta ji wannan ba zai kai ba, sai ta gusar da hannuwanta hagu a kan piyano, mataki ɗaya ko biyu, waƙar gaba ɗaya ta sauko ta same shi inda yake tsaye. Kiɗan bai canza ba, kalmomin ba su canza ba, kunnen mai sauraro ba ya jin komai. Abin da kawai ake gani shi ne mutumin ya kai ƙarshen waƙarsa da mutuncinsa.

Tana da dalili, ko da yake ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Tana da shekara goma sha tara ta je birnin Iloilo gwajin murya da rigar da ta ara. Mai piyanon ya kaɗa abin da ke rubuce, daidai, ba kuskure ko ɗaya. Muryarta ta tsage a tsakiyar baiti na biyu, shi kuwa ya ci gaba har ƙarshen shafi bai ɗaga kai ba. Ta dawo gida a motar yamma. Tun daga ranar ko a coci leɓe kawai take motsawa.

Abin ya zauna daram shekara talatin da ɗaya saboda ita kaɗai ce mai kiɗan. Ita ce a gwaji, ita ce a atisaye, ita ce ranar wasa. Ba ta rubuta komai ba, a kanta ta riƙe kowa: wane mataki ɗaya, wance biyu, wane kuma ɗaya in da rani ne, biyu in damina ta kama masa ƙirji.

Yabon kuwa Direk Ambo yake karɓa. Ambrosio Tacardon shi ne mai ba da umarni, ya taɓa yin wasan rediyo na shekara biyu a birni, kuma tun daga nan yake yawo da ƙyalle a wuya ko da zafi na narka kwalta. Mutum ne mai saurin hawaye, ya iya tsara inda kowa zai tsaya, ya iya sa matsoraci ya yi tsawa. Sai dai in aka buga masa maɓalli biyu ba zai iya cewa wanne ne sama ba. Ya yi imani horonsa ne ke buɗe muryoyi. Horon nasa jumla ɗaya ce: a ja numfashi daga cibiya.

A bana kakar wasanni ta zo da zafi. Makarantar sakandare ta sanar da nata wasan a watan Maris. Garin da ke gaba da su ya baza labarin cewa zai ɗauko mawaƙa daga Iloilo. Shi kuwa kwamitin bikin Santa Filomena ya yanke cewa a watan Mayu za a farfaɗo da tsohuwar sarswela, wasan nan mai waƙe-waƙe da wani malamin garin ya rubuta kafin yaƙi, mai suna Mai Gadin Fitila. Labarin wani tsoho ne da ke kunna fitilar hasumiya kowace yamma don ɗansa da teku ta tafi da shi. Duk garin ya san waƙar tsohon ta ƙarshe, kuma duk garin ya san akwai wani wuri a cikinta da murya ke hawa kamar mai hawa matakalar hasumiyar. Mako biyu ba a yi wata hira a kasuwar kifi da shagon aski ba sai ta wa za a ba tsohon.

Ranar gwaji, ana dab da tashi, sai ga Teryo ya shigo da takalman roba suna ɗigar ruwa. Eleuterio Gumban ke nan, mai sayar wa masunta ƙanƙara, ɗan shekara hamsin da huɗu. Shekara goma sha ɗaya yana cikin ƙungiyar. Ya fito a soja na biyu, ya fito a mai riƙe laima, ya fito a gawa sau biyu, kuma an yaba masa duka biyun.

"Teryo, bana babu gawa a wasan," in ji Direk Ambo.

"Na sani, Direk. Tsohon nake so."

Aka yi dariya, ba ta mugunta ba. Inday Luding mai kantin magani, wadda ta saba fitowa a babbar jaruma tun kafin ta fara rina gashi, ta ce, "Ku bar shi mana. Ai tsohon ma mutuwa yake yi a ƙarshe, kun ga bai bar sana'arsa ba."

Teryo ya hau dandamali ya miƙa takarda. Hannunsa sanyi ƙalau.

"Toto, ka karya kuwa?" in ji Manang Nising, wadda ta koya masa rubuta sunansa, har yau kuma Toto take ce masa, wato ɗan yaro.

"Na sha kofi, Manang."

"'Yar taka fa? Tana Hong Kong ɗin?"

"Tana can. Ta ce in dai aka ba ni abin da ya wuce kwanciya, za ta nemi hutu ta zo."

Ta ji muryar. Mai kauri ce, mai zurfi, irin wadda ke fitowa daga ƙasan rijiya. Mataki uku take bukata. Manang Nising ba ta taɓa sauko wa babban jarumi har uku ba, tana ganin biyu ne iyakar abin da ya dace. Ta dubi takalmansa, ta dubi ruwan da ya taru a ƙarƙashinsu. Ta gusar da hannu.

Ba a taɓa jin waƙar haka ba. Waɗanda suka yi ta a baya samari ne masu sa furfurar gari, suna hawa wurin nan mai tsayi don a ga sun iya hawa. Teryo ya yi ta kamar mutumin da ya gaji da tsayuwa amma ba zai zauna ba. Matar da ke shara ta jingina tsintsiyarta. Da ya gama, Direk Ambo ya warware ƙyallen wuyansa ya share ido.

"Kun gani ko?" ya ce. "Shekara goma sha ɗaya ina ce masa daga cibiya."

Washegari aka manna sunaye a ƙofar zauren. Kafin mako ya zagayo an rataye ƙaton ƙyallen talla a dandalin gari, da fuskar Teryo ta kai girman ƙofa, da hular mai gadi a kansa. Masunta suka koma kiransa Mai Fitila. 'Yarsa ta aiko da saƙo cewa an ba ta hutun.

A ƙarshen Fabrairu kwamitin biki ya kira taro don ya karrama Manang Nising. Shugabar kwamitin ta yi jawabi mai kyau. Ta ce shekara talatin da ɗaya baiwar Allah nan tana wahala ita kaɗai da tsohon piyano, lokaci ya yi da za ta huta. Bana 'yan badujalar gari, su goma sha takwas, su za su yi kiɗan wasan, kamar yadda marigayi marubucin ya tsara tun asali. Aka tafa. Aka ba ta furanni. Ta yi godiya, ta ce ba ta cancanta ba, kuma da gaske take.

Badujala ba ta gusar da hannu. Kowane mai busa da takardarsa a gabansa, abin da ke ciki shi yake busawa, ko mawaƙi ya kai ko ya faɗi a hanya. Shugabansu Maestro Isyong, wato Dionisio Gellada, dogo ne mai tsayuwar sanda. Su ke raka gawa, su ke raka mutum-mutumin waliyyiyar coci in ana zagaya gari da shi, kuma ba a taɓa jin sun yi sauri ko jinkiri don wani ba. A falonsa akwai kofin azurfa da ya ci a gasar waƙa a dandalin gari yana saurayi, yana goge shi duk Asabar.

Ta je gidansa da ledar biskit ɗin biscocho. Suka gaisa, suka yi maganar zafi. Can ta ce, "Isyong, waƙoƙin nan ba su yi sama da yawa ba kuwa? Ko za a ɗan sauke su?"

Ya tashi ya ɗauko takardun marigayin, sun yi ja don tsufa, ya shimfiɗa su a tebur kamar kayan coci. "Ga hannunsa nan, Manang. Ni wane ne da zan gyara masa? Kuma mene ne abin damuwa? Garin nan kowa ya iya waƙa."

A nan ya kamata ta faɗa. Ta buɗe baki, sai ta ga abin da za ta faɗa ɗin: cewa Luding ba ta kai inda take tsammani ba, cewa mutum ɗari da wani abu sun yi shekaru suna taƙama da tsayin da ba nasu ba. Ta ce biskit ɗin na yau ne, ya ci kafin ya yi sanyi. Ta ɗauki laimarta.

Ta ci gaba da atisaye da piyano har tsakiyar Afrilu, kowa a matakinsa. Ta gwada ɗaga wa Teryo mataki ɗaya a ɓoye ko zai saba. Ya kai da ƙyar, jijiyar wuyansa ta tashi, waƙar ta zama aikin ɗaukar kaya. Ta mayar da shi inda yake.

Ranar Asabar da la'asar, saura mako huɗu a yi wasan, aka haɗa 'yan wasa da badujala karo na farko. Manang Nising ta zauna a kujerar piyano ta rufe murfinsa, ta ɗora jakarta a cinya.

Inday Luding ce ta fara. Ta shiga da ƙarfinta, ta kai tsakiya, sai wata ƙara ta fito mata irin ta ƙofar da ba a sa wa mai ba. Ta tsaya ta harari sama. "A kashe fankar nan, tana busar mini da maƙogwaro." Aka kashe. Masu amshi suka shigo, rabinsu suka ɓace a hanya, sauran suka isa a warwatse. Direk Ambo ya ce gajiya ce, a ja daga cibiya.

Sai Teryo. Ya sa hular mai gadi, ya riƙe fitila. Baitin farko ya wuce da ɗan dama. Da aka zo matakalar, muryarsa ta hau, ta hau, ta tsage. Badujala ta ci gaba har ƙarshen shafi. Maestro Isyong bai ɗaga kai ba.

"A sake," in ji Direk.

Aka sake. Aka kuma sakewa. A karo na uku ko sautin bai fito ba, iska kawai. Mai busa babban ƙaho ya sunkuyar da kai yana duban takalminsa.

Direk Ambo ya daɗe yana murza ƙyallensa. Ba mugu ba ne, kuma da ya yi magana a hankali ya yi. "Teryo, ban san abin da ya same ka ba. Amma saura mako huɗu, ga mutanen garin can suna jira su yi mana dariya. Akwai wani yaro a Iloilo da ya san waƙar. Zan buga masa waya ranar Litinin. Kai kuma ba za ka rasa abin yi a wasan ba."

"Akwai gawar ɗan, in teku ta dawo da ita," in ji wani daga baya. Ba wanda ya yi dariya.

Teryo ya cire hular. Ya duba inda zai ajiye ta, bai ga wuri ba, ya tsaya riƙe da ita.

Manang Nising ta miƙe. Da yake ba ta da tsawo, sai da ta buga ƙasa da laima kafin a lura.

"Ambo, kada ka buga wa kowa waya. Ba abin da ya sami Teryo. Waƙar da ka ji ran gwaji ba wannan ba ce. Na sauke ta mataki uku."

"Kin sauke ta ina?"

"Ƙasa. In mutum ba zai kai ba, nakan sauko masa. Tun shekarar farko nake yi." Ta juya ta fuskanci zauren, abin da ba ta saba ba. "Ku yafe mini. Na sa kun ɗauka kuna kai inda ba ku kai ba. Laifin nawa ne, ba nasa ba. In za a cire wani, ni za a cire, kuma an riga an cire ni."

Teryo ne ya fara magana.

"Ai na sani, Manang."

Ta dube shi.

"Shekara talatin ina ɗaukar ƙanƙara. In wani ya kama mini ɗaya gefen, ko ban waiga ba na san an kama. Na dai ɗauka ni kaɗai kike yi wa, shi ya sa na yi shiru."

Inday Luding ta gyara zaman tabaranta. "Kai kaɗai? To ni da nake aika mata man zafi duk Kirsimeti, ka ɗauka na mene ne?" Ta juya ga Manang Nising. "Ni nawa?"

"Biyu, Inday."

"Ɗaya ne da."

"Da, ɗaya ne."

Daga nan zauren ya ɓarke. Mai hatimi ya ce shi ma ya sani tun shekarar da aka yi wasan 'yan fashin teku. Wata malamar makaranta ta ce ta taɓa gwada waƙarta da rediyo a gida ta ji ba ta kai ba, ta gane, ta rufe bakinta. Ashe kowa ya san nasa, kowa kuma ya ɗauka alfarma ce da aka yi masa shi kaɗai, yana tausayin sauran da ke fama da ƙarfinsu. Suka yi layi suna tambayar matakansu kamar masu karɓar sakamakon jarrabawa, tana faɗa musu ɗaya bayan ɗaya ba ta yi tuntuɓe ba. Mutum ɗaya ne a zauren bai taɓa sani ba, yana zaune a bakin dandamali da ƙyallensa a hannu.

"To cibiyar fa?" in ji Direk Ambo.

"Tana taimakawa, Ambo," ta ce. "Sosai."

Direk Ambo ya dubi Teryo. Can ya ce, "Ni dai abin da na ji ran gwaji shi nake so a wasana, ko a ƙarƙashin ƙasa aka kaɗa shi. Maestro, a sauke."

Maestro Isyong ya rufe takardunsa. "Direk, wannan ba piyano ba ne. Waƙa goma sha huɗu, mutum goma sha takwas, kowa sai an sake rubuta masa tasa da hannu. Ko da za a iya, ba zan yi ba. Marigayi ya ajiye waƙarsa inda ya ajiye ta. Wanda ya kai ya yi, wanda bai kai ba ya ba wanda ya kai wuri. Mu da muka yi waƙa a zamaninmu ba wanda ya sauko mana."

Manang Nising ta taka har inda yake. Ta yi masa alama ya sunkuyo, ya sunkuyo, domin shi ma ta koyar da shi. Ta yi maganar yadda mai babban ƙaho kaɗai ya ji, shi ne kuma ya baza ta daga baya.

"Isyong, wa ya kaɗa maka ranar kofin?"

Ita ce ta kaɗa masa, ya kuma tuna.

"Nawa?" ya ce.

"Biyu."

"Ba zai yiwu ba. Na ji kaina ranar."

"Kowa ya ji ka. Ka yi kyau ƙwarai. Mura kake yi a lokacin, kuma mahaifinka na zaune a layin gaba."

Ya miƙe tsaye, ya dubi rufin zauren, ya dubi Teryo da hularsa. Sannan ya juya ga mutanensa da murya irin ta ranar jana'iza. "Kowa ya zo gobe bayan coci da fensir da abin gogewa. Wanda rubutunsa ba ya karantuwa ya zo da matarsa."

Kwana goma sha tara suka yi a barandar coci, daga safe zuwa azahar, a kan teburan makarantar Lahadi. Manang Nising tana faɗin matakin kowace waƙa, Maestro yana fitar da ta kowane mai busa, sauran suna kwafa. Yatsunta sun kumbura, ta riƙa tsoma su a ruwan ɗumi tana komawa. Teryo yana kawo ƙanƙara kyauta ana jefawa a ruwan sha. Takardun marigayin kuwa Maestro ya mayar da su akwati da hannunsa, ya ce ba a taɓa su ba, kwafi kawai aka taɓa, kuma wannan bambancin ya ishe shi.

Kafin ranar wasa ta kira Teryo gefe. "Toto, su ba za su jira ka ba, ba kuma za su bi ka ba in ka kauce. An sauko maka iya saukowa. Sauran naka ne."

"Na ji, Manang."

An fara da ƙarfe huɗu na yamma ranar bikin. Aka ba ta kujera a layi na uku, kusa da 'yar Teryo da ta iso da akwatinta kai tsaye daga tashar jirgi. Wannan ne karo na farko da Manang Nising ta ga wasan ƙungiyar ta gaba. Ta yi mamakin abubuwa da dama. Ba ta san Luding tana lumshe ido haka ba. Ba ta san hasumiyar kwali ce ba, kuma ta karkace.

Da aka zo waƙar ƙarshe, Teryo ya ɗaga fitila. Yatsunta suka fara tafiya a kan jakarta su kaɗai. Ya ɗan makara da shiga baiti na biyu, hannunta ya tsaya yana jiransa, badujala ba ta tsaya ba. Ya kamo su da kansa. Ya zo matakalar, ya hau ta a hankali, taki ɗaya bayan ɗaya, ya kai sama ya tsaya a can har Maestro ya sauke sandar da yake jagorantar kiɗa da ita. 'Yarsa ta kama hannun Manang Nising ta matse, daidai yatsun da suka kumbura. Ba ta janye ba.

Mutanen garin gaba da suka zo kallo sun koma suna cewa lalle ruwan rijiyar ne.

A watan Satumba aka buɗe gwajin wasan Kirsimeti, aka koma ga piyano, domin badujala tana da jana'izu da yawa a ƙarshen shekara. Direk Ambo ya kafa sabuwar doka cewa kowa ya faɗi matakinsa da bakinsa kafin ya fara, don a yi komai a fili. Mutum biyu suka bi dokar, sauran suka ce sun manta. Ana dab da tashi sai ga Maestro Isyong da takarda a hannu, shi da rabonsa da waƙa a gaban mutane tun kofin. Yana son ya fito a ɗaya daga sarakunan nan uku na labarin Kirsimeti, masu kai wa jariri kyauta.

"Ka karya kuwa, Isyong?" in ji Manang Nising.

"Ba zan amsa ba, Manang. Na san abin da kike saurare. Ki kaɗa yadda aka rubuta, kada ki taɓa mini komai."

"To," ta ce.

Ta ajiye takardar a gabanta, ta ɗora hannu. Ya yi waƙar tun daga farko har ƙarshe, ya kai wuri mai tsayin bai ko girgiza ba, ya sauko daga dandamali yana gyara kwalar rigarsa. Inday Luding ta leƙa ta gefe ko za ta ga inda hannuwan suke. Manang Nising ta riga ta rufe murfin, tana zuba shayin citta.